Lallen da Na Sa ma Kulu a Hanyar Maraɗi

Tun ran da na sauke kayana kun hana ni shan ruwa da daɗi. Wagga ta leƙo ta ce, "Tumba, wai da gaske Faransawa na cin kwaɗo?" Waccan ta aiko a tambaya ko an yanka Kulu. Jiya har bakin rijiya anka tare ni da guga a hannu. To ga ni, ga ku. Ku gyara zama in faɗa maku sau ɗaya, wadda ta katse ni kuwa za ni tashi in koma ma sussukata.

Kwaɗo dai ban gani ba. Kulu kuma ba a yanka ta ba, amma saura ƙiris, kuma da an yi, ni ce sanadi.

Kun san Kulu ɗiyar ƙanena Nomau ce, wanda ke zaune garin Isa. Ita ce ta farin matarshi Abu. Tun da anka yaye ta sunka ɗauko ta sunka aje mani a cinya, don sun ga ni Allah bai bar mani nawa ba. Shekara biyar ke nan tana kwana bayana. Amana ce, duk abin da ya same ta ni za a duba.

Bayan yankan gero ta yi mura da ciwon maƙoshi, kwana uku ta warware, har na manta. Sai da anka yi kamar mako biyu, wata safiya na ce ta miƙo mani tsintsiya. Ta tashi, ta koma ta zauna, ta ce, "Goggo, ƙafata ba ta taku." Na duba, idon sawunta duka biyu sun kumbura, gwiwa ma haka. Ga wasu ƙuraje jajaye masu duhu sun fesa tun daga ƙafa har cinya da ɗuwawu, kamar an watsa mata jar dawa. Ba su ƙaiƙayi, ba ruwa cikinsu, jikinta kuma ba wani zafin kirki. Fuska da ƙirji tas. Kwana biyu sai ciki ya ɗauka. Shi murɗe ta har ta yi amai, shi sake ta ta nemi fura.

Wanzami ya zo da ƙahonshi ya ce mugun jini ne, a zuƙe. Na ce ya maida kayanshi zabira, yarinyar da jini ke fita da kanshi ƙarƙashin fata ba ni bari a ƙara tsaga ta. Munka kai ta Sabon Birni wurin malamin asibiti. Mutumin kirki, bai yi mana ƙarya ba. Ya ce, "Inna, wanga ba ƙyanda ba ne, ba agana ba ne, ba kuma sanƙarau ba. Abin da ba shi ne ba na sani, abin da shi ne ban sani ba. Sai inda ake duba jini da madubi, ko Sakkwato ko Gusau."

Maigidana, kun san shi, falke ne, goro da atamfa shika kai Maraɗi. Ya ce ma malamin, "Maraɗi fa? Ta fi kusa, kuma jibi ayarinmu ke tashi."

Malamin ya ce, "Akwai likita can. In dai an bar ku kun wuce iyaka."

Ban ko aika Isa wurin Nomau ba. Na ce in na tsaya jiran amsa ayari ya tafi. Na ɗaure 'yan tsummokaranmu, na cika buhu guda da garin lalle in sayar can mu ci abinci, anka gyara ma Kulu wuri bisa jaki tsakanin huhun goro biyu.

Ni dai ban taɓa wuce Sabon Birni ta gabas ba. Jakin da anka ba ni kuwa Allah ya isa tsakanina da shi. Mun zo tsallake wani rafi da ya ƙafe, ya ga rairayi mai laushi, sai ya durƙusa zai yi birgima da ni bisa. Na faɗi, kallabi gefe, ƙwaryar fura gefe. Fatake goma sha ɗaya ba wanda bai yi dariya ba, har da maigidan nawa, shina cewa, "Sannu Tumba," haƙora waje. Kulu ma da ke fama da ciki sai da ta yi dariya, shi ya sa ban zagi kowa ba.

Da la'asar munka isa Burkusuma, munka sauka gidan wata tsohuwa, Inna Hakama, inda fatake ke yada zango. Ta ba mu tuwon dawa da miyar kuka, ta zauna tana kallon ƙafar Kulu har munka gama.

Ta ce, "Ɗiyata, ina za ki da wagga?"

Na ce, "Maraɗi, Inna, wurin likita."

Ta ce, "Da ƙurajen ga? Gardin Faransa mai tsaron iyaka ba shi san ƙyanda ba, ba shi san cizon ƙuma ba. In ya ga ƙurji, agana ce. Ko shi maido ku, ko shi kulle ku cikin bukkar zana bayan gari har sai ya ga dama. Na ga an yi."

Na dubi Kulu, na dubi buhuna. Ku da kanku kun san mu mutanen Unguwar Lalle: ciwon kai lalle, zafin ƙafa lalle, kaushi lalle. Tun kafin rana ta faɗi na kwaɓa shi da kauri, na lafta mata tun daga yatsu har saman gwiwa, na naɗe da ganye da tsumma. Da safe da na wanke, ƙafa ta rine ja wur mai duhu, bai ɗaya, ba ka rarrabe ƙurji da fata. Sauran ƙurajen kuwa zane ya rufe su. Inna Hakama ta tafa hannu ta ce, "Kai! Hannunki na da kyau." Ni kuwa har wani daɗi na ji, Allah shi yafe mani.

Iyakar da kuke ji, wallahi ba komi ba ce. Ni na zaci ganuwa za ni gani. Rumfa ce guda, da tuta, da sanda an gitta bisa hanya, geron wancan gefe irin na wanga gefe. Gardin ma Bagobiri ne, zanen fuskarshi irin na kawuna, sai dai jar hula da wando iya gwiwa. Ya soki huhun goro da tsinke, ya sa kowa ya nuna tabon lambar agana da ke dantse. Da ya zo kan Kulu ya dubi ƙafa, ya dube ni, ya ce, "Ke, mutanen Ingilishi, lalle har gwiwa?"

Na ce, "Haka muke yi garinmu, ranka shi daɗe."

Ya yi dariya ya ɗage sanda. Maigidana na bayana shina ta istigfari ƙasa-ƙasa.

A Gidan Rumji munka kwana na biyu. Nan na lura fitsarinta ya canza, ya yi ja-ja kamar an jiƙa karan dafi. Na ce tsargiya ce, wane yaro ne mai wanka gulbi da ba shi yi ba? Ban ma gaya ma kowa ba.

Tsibiri kuwa gida ce. Dangin uwata na nan, sunka tarbe mu kamar mun dawo daga Makka. Magana ɗaya, zane ɗaya, amma komi sai sun sa mashi wani suna. Likita lokotoro ne, kuɗinsu takarda ce duk ta tsufa ta yi laushi, mu kuma suna ce mana 'yan sule. Miyarsu daudawar batso suke zuba mata da hannu biyu, warinta tun daga zaure. Na ci don kunya, daga baya na ci don daɗi. Ga furarsu, gaskiya ta fi tamu nono, kada wata ta harare ni.

Rana ta huɗu da hantsi munka shiga Maraɗi, gyaɗa tsibi-tsibi ko'ina, motoci na bin hannun dama, ba hagu irin namu ba. Ban ko kalli gari da kyau ba, don tun daga Tsibiri cikin Kulu ya tashi irin wanda bai taɓa yi ba. Tana ihu, tana riƙe cibiya, ta yi amai sau uku.

Asibitin dogon gini ne mai baranda. Wanda ya karɓe mu babban ma'aikacinsu ne, Majo suke ce mashi, sunanshi Isuhu, Bakatsine mai furfura, shi ne kuma tafinta. Sannan lokotoro ya fito. Bature dogo siriri, babban mutum da shi amma gwiwa waje, shina warin taba. Ya kwantar da Kulu, ya danna ciki nan da can, tana zabura. Ya yi magana, Majo ya juyo.

"Inna, yaushe cikin ya soma?"

Na faɗa mashi.

"Ƙafar fa, mi ya kumbura ta?"

Na ce, "Zaman jaki ne, kwana huɗu."

"Ta yi ƙuraje? Ko wani abu ya fito mata a jiki?"

Bukkar zana ta faɗo mani a rai. Na ce in gardi na kulle mutum, ina ga Baturen da ya aje gardin? Na dubi Majo ido cikin ido na ce, "Babu."

Sunka yi ta magana da Faransanci. Sannan Majo ya ce, "Lokotoro ya ce ciwon na ciki ne, shina tsoron wani abu ya lalace a hanji. Kada a ba ta ko ruwa. In ya fito da la'asar za a buɗe cikin a duba."

Sai anka kaɗa ƙararrawa. Ku ji wata al'ada tasu: da rana ta take, Bature sai shi tafi shi ci abinci shi kwanta, kanti a rufe, ofis a rufe, gari shi yi tsit har sai rana ta karkata. Da na ji labarin abin a Tsibiri cewa na yi lalaci ne. Ranar nan kuwa wannan barcin ne ya ba ni lokacin da na dawo cikin hankalina.

Muna zaune baranda, maigidana ya ce, "Tumba, ki gaya masu."

Na ce, "Su kulle ta bayan gari, ba magani?"

Ya ce, "To su yanka ta a kan ƙarya? Mi za ki ce ma Nomau?"

Na ji haushinshi don ya fi ni gaskiya. Sai Kulu ta jawo bakin zanena ta ce, "Goggo, in an buɗe ni, za a ɗinke?"

Wayyo Allah. Ban san sa'ad da na tashi ba. Na sami Majo gindin iccen bedi shina alwala, na durƙusa gabanshi na ce, "Majo, na yi maka ƙarya. Akwai ƙuraje, ni na rufe su da lalle don gardi."

Ya aje buta ya ce, "Innalillahi! Baiwar Allah, kin san abin da kika kusa yi? Mu nan ba gardi ba ne!" Ya faɗa mani maganganu, na kuwa shanye. Ko sallar bai tsaya yi ba, ya tafi da sauri ya tado Bature.

Lokotoro ya zo da gashi a hargitse. Ya dubi ƙafar, ya kai ta wurin haske, ba abin da ya gani sai aikina. Sai ya rufe ido, ya sa yatsu shina shafa ƙwabrinta a hankali daga ƙasa zuwa sama. Na ga ya tsaya, ya koma, ya sake shafawa. Ashe ƙurajen na da ɗan tudu, lalle ya ɓoye launinsu amma bai ɓoye ma hannu ba. Ya juya ta, ya ɗage zane, ga su nan a ɗuwawu inda ban shafa ba. Ya ɗauko ƙaramin gilashi ya danna bisansu, ba su ɓace ba, suna nan jajaye ta cikin gilashin. Ya kaɗa kai ya yi wata 'yar dariya.

Majo ya ce, "Ya ce mai lallen ga ta iya aikinta, amma ta kusa sa shi buɗe cikin da ba abin cirewa. Ba agana ba ce, ba a kuma ɗaukarta. Ya san ciwon. An fasa yanka."

Nan na zauna ƙasa na yi kuka, gaban Bature, gaban kowa, ban ji kunya ba.

Daga nan aikin jini ya tashi, ni kuwa na kafe kusa, don ba a ɗibar jinin ɗiyata in ban ga inda za a kai shi ba. Da fari Majo ya tsaga fatar kunnenta kaɗan, shina duba agogo shina dangwalawa da takarda. Nan da nan jinin ya tsaya. Ya shafa wani ɗigo bisa gilashi ya sa ƙarƙashin madubi, ya daɗe shina leƙe. Ya ce cikin jini akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu toshe rauni. Da sun yi ƙaranci, da wani ciwo ne daban wanda ya fi wanga muni, amma nata sun cika. Masu faɗa da cuta, farare, su ne sunka ɗan yi yawa. Har ya bar ni na leƙa. Ni dai ban ga mai faɗa ba, ban ga mai toshewa ba, na ce, "Awo, na gani," don kada in kunyata Unguwar Lalle. Wani jinin kuma ya zuba cikin siririyar kwalba doguwa, ya tsai da ita sa'a guda. Jan ya kwanta ƙasa, ruwa ya taso sama. Ya ce nata ya fi na mai lafiya saurin kwanciya, alamar jiki na fama da kumburi ke nan.

Na ce, "To wai mi ne ne ciwon?"

Ya ce, "Jinin lafiya lau, hanyoyinshi ne. Ƙananan jijiyoyi da sunka fi gashi siranta, su ne sunka kumbura suna yoyo. Na fata su ne ƙuraje, na gaɓoɓi su ne kumburi, na hanji su ne murɗa. Yara shika kamawa, sau da yawa bayan mura. Duk waɗanga wucewa suke. Wuri ɗaya muke tsoro, ƙoda. Yaya fitsarinta?"

Wannan karon ban ɓoye ba. Ya sa anka tara, ya duba da madubi, ya ce akwai jini amma ba ƙwan tsargiya ko ɗaya. Ya zuba cikin kwalba ya ɗora bisa 'yar fitila. Da ya tafasa sai ya yi fari-fari, guda-guda, kamar farin ƙwai cikin ruwan zafi. Majo ya ce, "Kin ga wanga? Ran da munka dafa ya fita garau, ranar za ku gida."

Na ce, "Allura nawa za a yi mata?"

Ya ce, "Ko ɗaya. Kwanciya, da abinci ba gishiri ba kanwa, da 'yar ƙwaya in gaɓoɓi sun dame ta. Ciki kuma za a riƙa taɓawa safe da marece, don wani lokaci hanji kan shige cikin ɗan'uwanshi, sannan dole a yanka."

Ni fa nan raina ya ɓaci. Kwana huɗu bisa wancan la'anannen jaki, a ce mani magani kwanciya? Na ce ko ta ruwa ce a yi mata guda. Majo ya ce, "Inna, kin yi naki maganin mun gani. Bari mu yi namu."

Mako biyar munka yi. Maigidana ya sai da goronshi, ya koma gida, ya sake dawowa. Ni ina kwana tabarma gefen gadonta, ina girki bayan asibiti tare da matan masu jinya. Lallena kuwa ya ƙare tas, don labari ya bazu, kowace na son ta ga wadda ta rufe ma gardi ido. Na ci burodinsu, dogo kamar sanda, bayanshi na yanka dasashi. Na ga lokotoro ya sumbaci matarshi a kumatu, tsakar rana, gaban jama'a, na rasa inda za ni sa idona.

Ciki ya lafa cikin mako guda, kumburi ya saɓe. Lalle ya koɗe, ƙuraje sunka koma ruwan ƙasa sunka ɓace. Ran da Kulu ta ji ƙarfi ta sato jiki ta yi 'yar gala-gala da wasu yara bayan ɗaki, kashegari sababbin ƙuraje sunka fito. Na tsorata, Majo ya ce haka shike yi, shi tafi shi dawo, ta koma gado. Kullum faɗanmu ɗaya da ita, gishiri. "Goggo, miyar ga ba ta da rai." Ni ma na bar ci don kada ta gani.

Duk ran Litinin da Alhamis ake dafa fitsari, ni kuwa ina tsaye bayan Majo ina leƙe. Fari, fari, sannan hazo-hazo. Ran wata Alhamis ya ɗaga kwalba wajen taga, ya juya, ya sake ɗorawa a wuta, ya sake ɗagawa. Garau. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Na rangaɗa guɗa cikin asibitin Faransa har lokotoro ya leƙo ya ga ko wani ya mutu. Ya ce a riƙa lura da launin fitsarinta da kumburin fuska har wata shida, in an ga wani abu a dawo. Ya kuma rubuta takarda ya buga hatimi, ya ce in nuna ma gardi, lallena kuma in bar ma masu biki.

Da munka iso gida kwana biyu kawai na huta, na ɗauke ta sai Isa. Wannan tafiyar ta fi ta Maraɗi yi mani nauyi. Na zauna gaban Nomau da Abu na faɗi komi: na ƙetare da ɗiyarsu ban tambaye su ba, na yi ƙarya, an kusa yanka ta saboda ni. Na ce in sun ga su karɓi abinsu, ba ni da ta cewa. Nomau ya sunkuyar da kai shina tonon ƙasa da tsinke.

Abu kuwa, kun san kunyar ɗan fari, ko sunan Kulu ba ta faɗi, ko kallonta ba ta yi gaban mutane. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙwaryar ruwa, ta ce, "Yaya, baƙuwarki ta kwaso ƙasar hanya, bari in wanke mata ƙafa." Ta durƙusa ta kama ƙafar, tana wankewa tana shafawa tun daga yatsu har gwiwa, ta gama ta sake komawa, ƙafar da ba wani datti gare ta ba. Hawaye na ɗiga cikin ƙwarya, ba ta share ba. Sannan ta ɗaga yarinyar cak, ta aje mani a cinya.

Ta ce, "Yaya, ku tashi da wuri gobe, kada rana ta dami ɗiyarki a hanya."